Kuɗin Kwamfuta Muna Biya, Shin 'Ya'yanmu Na Koyo?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani abu da da yawa daga cikinmu muke biya wa kuɗi duk zangon karatu, amma ba kasafai muke tsayawa mu binciki abin da ake bai wa 'ya'yanmu a madadin kuɗin ba, wato darasin kwamfuta, ko na'ura mai ƙwaƙwalwa kamar yadda muka saba kiranta.

Abin da ya jawo wannan darasi shi ne wata maƙwabciyata a Makera. 'Yarta ta yi shekara shida a sakandare, duk zango sai ta kawo sakamako mai kyau a darasin kwamfuta, littafinta cike da zanen na'urar, an ja kibiya an rubuta sunan kowane sashe. Ranar da ta je rubuta jarrabawar JAMB, tana cikin amsa tambayoyi sai ta danna wani wuri bisa kuskure, shafin ya canza. Yarinya ta daskare, ta ɗauka ta ɓata komai, ta naɗe hannu tana jiran mai sa ido ya zo, lokaci kuwa yana ta tafiya. Da ta dawo gida tana kuka, uwar ta tambaye ta, "Ke da kike cin kwamfuta a makaranta?" Sai ta ce, "Mama, ai a allo ake yi mana." 'Yar'uwa, kin ji inda gizo ke saƙar.

ME YA SA ABIN YA SHAFE MU?

Mu da muke zaune a wannan tsallake na kogin Kaduna mun san abin da ya raya Kakuri, Makera, Nasarawa da Tirkaniya. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙu irin su Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975. A wancan lokaci yaro ko da takardar firamare kaɗai gare shi yana iya samun aikin da zai riƙe gida. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, dubban magidanta suka koma gida. Wasunmu mazajenmu ne abin ya shafa, wasu iyayenmu. Wannan ƙofa da ta rufe, ba za mu gina makomar 'ya'yanmu a bakinta muna jira ba.

Yanzu kuwa duk inda yaro ya nufa sai ya tarar da kwamfuta ta riga shi zuwa. Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta mayar da ita gaba ɗaya ta kwamfuta. Hukumar WAEC ta fara tata a 2024 da ɗalibai masu zaman kansu. Neman gurbin karatu, neman aiki, aikin asibiti, banki, har mai sana'ar POS a bakin titi, duk sai an taɓa na'ura. A Barnawa ma, nan kusa da mu, an buɗe cibiyar CoLab a 2016, wadda Sanusi Ismaila ya kafa domin matasa masu koyon rubuta manhajar kwamfuta da ƙirƙirar sana'o'in zamani. Ke nan abin ba labarin Legas ko Turai kaɗai ba ne, ya shigo unguwa.

A TAKARDA DAI AN DAƊE DA FARAWA

Kada ki ɗauka darasin baƙo ne. Tun 1988 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufa kan koyar da kwamfuta a makarantu. A 2008 aka fara aiki da tsarin karatun shekara tara na bai-ɗaya wanda hukumar NERDC ta tsara, kwamfuta na cikin darussansa. Da aka yi wa tsarin gyara, daga 2014 sai aka haɗe ta da kimiyya da fasaha a darasi guda, a shekarar ce kuma WAEC ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu gama sakandare. A watan Satumba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da sabon tsari wanda ya rage yawan darussa, ya kuma sa fasahar kwamfuta cikin darussan dole a babbar sakandare. Saboda haka idan kika je makaranta kika yi tambaya a kan wannan darasi, haƙƙin ɗanki kike bi, ba alfarma kike roƙo ba.

ABUBUWA UKU DA AKE KIRA "KWAMFUTA"

Domin ki iya gane koyarwa mai kyau, sai kin rarrabe abubuwa uku da ake cakuɗawa.

Na farko shi ne iya amfani da na'urar: kunnawa, kashewa, riƙe linzami, buga rubutu, adana aiki da nemo shi. Wannan kamar koyon ɗinki ne, ba a taɓa koyonsa da baki. Duk wadda ta taka keken ɗinki ta san cewa ko an shekara ana yi mata bayani, sai ƙafarta ta saba da feda.

Na biyu shi ne kimiyyar kwamfuta ita kanta, wato koyon yadda ake ɗaukar matsala a farfasa ta ƙanana, a jera matakan warware ta ɗaya bayan ɗaya, a rubuta su yadda na'ura za ta bi, in an sami kuskure a nemo inda yake a gyara. Wannan shi ne ƙashin bayan darasin, kuma shi aka fi tsallakewa.

Na uku shi ne ladabi da kariya: sanin abin da ya dace yaro ya buɗe, sirrin da bai kamata ya bayar ba, da yadda zai gane ƙarya da damfara a intanet.

Makarantar da ta tsaya ga haddace "mene ne kwamfuta" da zana sassanta ba ta ba da ko ɗaya daga cikin ukun nan ba, komai yawan makin da ta rubuta a katin sakamako.

JERIN MATAKAI: ABIN DA KIKA RIGA KIKA SANI

Kalmar da masana ke kiran jerin matakan warware matsala, wato algoridim, ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa Al-Khawarizmi, malamin lissafi da ya yi aiki a Baitul Hikma ta Bagadaza a ƙarni na 9. Daga sunan littafinsa aka sami kalmar aljabara, kuma babban sashe na littafin ya ƙunshi lissafin wasiyya da rabon gado ne, mataki bayan mataki. Ya rayu fiye da shekara dubu kafin a ƙera kwamfuta. Wannan ya nuna miki cewa tunanin ya girmi na'urar.

Ke kanki kina aiki da shi kullum. Dubi tuƙa tuwo: ki ɗora ruwa, in ya tafasa ki yi talge, ki bar shi ya nuna, sannan ki riƙa zuba gari kina tuƙawa har sai ya yi tauri, ki rufe ya turara, ki kwashe. A cikin wannan kaɗai akwai ginshiƙai uku da ake rubuta kowace manhajar kwamfuta da su. Akwai jeri, domin in kika zuba gari kafin ruwa ya tafasa kin ɓata. Akwai sharaɗi, wato "in ya tafasa, yi kaza, in bai tafasa ba, jira". Akwai maimaitawa, wato "ci gaba da tuƙawa har sai ya yi tauri". Bambancin kawai shi ne kwamfuta ba ta da hankalin cike giɓi. In kika aiki yarinya ɗebo ruwa ta san za ta ɗauki bokiti ko ba ki faɗa ba, ita kuwa na'ura abin da aka rubuta mata kaɗai take yi, ko da kuskure ne. Koyon yi mata bayani dalla-dalla shi ke gyara tunanin yaro, har ya amfane shi a lissafi da rubutun insha'i.

NA'URA ITA KAƊAI BA TA KOYARWA

Sau da yawa in za mu sa yaro makaranta sai a kai mu wani ɗaki a nuna mana kwamfutoci a jere an lulluɓe su da ƙyalle, mu dawo gida da murna. To ki saurari abin da ya faru a wasu wurare. Akwai wani shiri na duniya mai suna One Laptop per Child, na bai wa kowane yaro ƙaramar kwamfuta, wanda aka gwada a wata makarantar firamare a Abuja a 2007. Ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka ta rungumi shirin sosai, ta raba fiye da kwamfutoci 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya gudanar da bincike a makarantu 319, ya fitar da sakamako a 2012, sai aka ga yaran sun iya taɓa na'urar, amma makinsu a lissafi da karatun harshe bai ƙaru ba. An raba kaya, ba a canza yadda ake koyarwa ba.

Ingila ma da arzikinta ta yi irin wannan tuntuɓe. A 2012 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta fitar da rahoto cewa abin da ake koya wa yaransu bai wuce buga takardu da makamantansu ba, har ya gundure su. Daga 2014 suka sauya tsari, suka fara koyar da jerin matakai da rubuta ƙananan manhajoji tun yaro yana shekara biyar, suka kuma shiga horar da malamai.

Darasin da za mu ɗauka shi ne malami ya fi na'ura muhimmanci. A jiharmu mun ga abin da ya faru a 2017, lokacin da gwamnati ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, 21,780 suka kasa samun kashi 75 cikin 100 da aka nema. An yi ta muhawara a kan matakin korar da aka ɗauka, amma kowa ya yarda cewa ingancin malami shi ne tushe. A darasin kwamfuta abin ya fi tsanani, domin a makarantu da dama malamin wani darasi ake ɗora wa shi don cike gurbi. Ba laifinsa ba ne, wanda ba a koya wa ba ba zai koyar ba. Abin nema shi ne a horar da shi.

YADDA KOYARWA MAI KYAU TAKE

A ƙananan azuzuwan firamare, yawancin aikin ba ya buƙatar wutar lantarki. Wasanni ne na jera abubuwa, bin umarni, da gano tsari. Wani malami a Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand, Tim Bell, tare da abokan aikinsa, sun tattara irin waɗannan wasanni tun shekarun 1990 da sunan CS Unplugged, kyauta ne ga kowane malami. Saboda haka "ba wuta" ba hujja ce ta mayar da darasin kwafar rubutu ba.

Daga aji huɗu zuwa shida, ya kamata yaro ya riƙa zama gaban na'ura a kai a kai, ya buga rubutu da hannunsa, ya fara amfani da Scratch. Wannan manhaja ce da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, inda yaro ke harhaɗa umarni kamar tubala ya sa hoto ya yi tafiya ko ya yi magana. Kyauta ce, kuma in an sauke ta sau ɗaya tana aiki ba intanet.

A ƙaramar sakandare sai ya ƙara da jadawalin lissafi irin na Excel, da yadda intanet ke aiki, da ƙananan ayyukan da shi zai tsara da kansa. A babbar sakandare kuwa ya kamata ya ɗanɗana harshen rubuta manhaja na gaske, kamar Python, ya yi aikin da za a iya nunawa.

Akwai alamomi da za ki gane aji mai kyau da su. Yara biyu na zama a kwamfuta ɗaya, ɗaya na bugawa ɗaya na duba masa, sannan su yi musaya, wannan hanya ce da masana suka yarda da ita, kuma ta dace da makarantar da ke da ƙarancin na'urori. Malami na tambayar yara su yi hasashen abin da manhaja za ta yi kafin a kunna ta. Ba a dukan yaro don aikinsa ya ƙi tafiya, ana ce masa ya nemo inda kuskuren yake, domin ƙwararru ma rabin aikinsu gyaran kuskure ne. Kuma ana ba da misali da abin da yaro ya sani: kuɗin Keke Napep daga Kakuri zuwa Barnawa, ko ribar mai sayar da awara.

WASANNI HUƊU NA TSAKAR GIDA

Uwargida, ko ba ki taɓa taɓa kwamfuta ba za ki iya waɗannan.

1. Wasan ɗan aike. Ki zana murabba'ai da gawayi ko alli a tsakar gida, ki ajiye alewa a ɗaya. Yaro ɗaya ya zama na'ura, ɗayan ya faɗi umarnin duka tun kafin a motsa: gaba biyu, juya dama, gaba uku. In aka ɓace, a koma a binciko umarnin da ya jawo.

2. Haɗa shayi. Ki ce yaro ya faɗa miki yadda ake haɗa shayi, ke kuma ki bi maganarsa sak. In ya ce "zuba madara" bai ce a buɗe gwangwani ba, sai ki kifa gwangwanin a rufe. Za a yi dariya, amma zai gane darajar cikakken bayani.

3. Cankar lamba. Ki riƙe lamba a zuci tsakanin 1 da 100, ya riƙa canka kina cewa "sama" ko "ƙasa". Bayan ya sha wahala sai ki nuna masa ya fara da 50, ya riƙa raba abin da ya rage gida biyu. Ba zai wuce canka 7 ba. Ko da lambar tsakanin 1 da miliyan ɗaya take, canka 20 ta isa. Da irin wannan dabara kwamfuta ke nemo suna cikin jerin miliyoyi kafin ƙiftawar ido.

4. Katunan ɗigo. Ki yanka kwali biyar, ki yi ɗigo 16, 8, 4, 2 da 1, ki jera su daga hagu zuwa dama. Kati a buɗe shi ne 1, a kife shi ne 0. Don a sami 13 sai a buɗe 8 da 4 da 1, a rubuta 01101. Da katunan nan biyar za a iya nuna kowace lamba daga 0 zuwa 31. Haka kwamfuta da wayar hannunki suke adana komai, rubutu da hoto da murya, da ɗaya da sifili.

In kuma kina da ɗan sakandare, ki ba shi littafin adashinku ya tsara shi a jadawalin lissafi: sunaye, zubi, da ranar kwasar kowa. Kin huta da rigima, shi kuma ya koyi abin da zai ci abinci da shi.

TAMBAYOYIN DA ZA KI KAI MAKARANTA

Idan yaro ya dawo, maimakon "me aka koya muku?" ki ce "me ka yi da hannunka yau, nuna mini." Ranar taron iyaye da malamai kuwa, ki je, ko ki haɗa kai da maigida ya je da waɗannan: Sau nawa a mako yaro ke zama gaban na'ura, kuma yara nawa a kan guda? Kwamfutoci nawa ne ke aiki cikin waɗanda aka jera? Me ake koyarwa ranar da ba wuta? Wane horo malamin ya samu? Kuɗin kwamfuta da muke biya, a kan me ake kashe shi? Shin a jarrabawa akwai aikin hannu, ko duka a takarda ne?

Ki yi tambayar cikin ladabi da girmama malamai, don gyara muke nema. A makarantun gwamnati akwai kwamitin SBMC wanda ke da gurbin wakilcin mata, mu daina barin kujerun nan wofi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: iyaye in sun haɗa ƙarfi za su iya gyara kwamfutoci biyar da suka mutu ko su sa ƙaramar sola, kuma biyar masu aiki sun fi talatin da ke ƙarƙashin ƙyalle.

'YA'YA MATA DA BATUN KARIYA

A ajin da na'ura ta yi kaɗan, maza kan yi rububi su kame kujeru, mata su tsaya a baya suna kallo. Ki tambayi 'yarki ko tana samun zama. A gida ma kada waya ko kwamfuta ta zama ta yayanta shi kaɗai ita tana wanke-wanke. Mace ce, Ada Lovelace, ta wallafa abin da ake ɗauka a matsayin manhajar farko a 1843. Kaduna na cikin jihohi bakwai da aka fara shirin AGILE da su, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 domin karatun 'yan mata, kuma koyar da kwamfuta na cikin sassansa. Wannan sana'a ce da mace za ta iya yi daga ɗakinta bayan aure, ba tare da ta bar gidanta ba.

Na san abin da ke zukatanmu: tsoron hotunan banza, miyagun abokai, da damfarar da ake kira yahu. Tsoron na kan hanya. Sai dai hana yaro ilimin ba ya hana shi taɓa wayar aboki a bayan idonki, kawai zai taɓa ne ba tare da an koya masa kariya ba. Ki sa na'ura a falo inda kowa ke wucewa, ki ƙayyade lokaci, ki karɓi waya da dare. Ki koya masa kada ya bai wa kowa lambar sirri, ko hotonsa, ko adireshin gida. Ki faɗa masa ƙarara cewa kuɗin damfara haramun ne, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri a kansa. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 yara sun sami mai yi musu aikin gida, to ki riƙa sa shi ya yi miki bayanin abin da ya rubuta da bakinsa, domin irin waɗannan manhajoji na iya kawo amsar da ba daidai ba cikin kyakkyawan lafazi.

'Yar'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada mu jira sai saura mako biyu JAMB mu kwashi yara zuwa shagon kwamfuta. Aikin gida na wannan fitowa shi ne ki gwada ɗaya daga cikin wasannin nan huɗu kafin ƙarshen mako, ki kuma buɗe littafin kwamfutar ɗanki ki ga abin da ke ciki. Ita maƙwabciyar tawa ta sa 'yarta koyo na wata uku kafin ta sake zama jarrabawar, ƙannenta kuwa tuni suka cika tsakar gida da zanen gawayi.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya saka wa malamansu da alheri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.